Koken unguwa da kuɗin ƙaramar hukuma: tambayoyi da amsoshi

Mutane da dama na ganin kai ƙorafi kan matsalar unguwa abu ne na kowa da kowa, bin diddigin kuɗin hukuma kuwa sai masana lissafi. A aikace ba sa rabuwa. Kwalbatin da ta rufta a bakin layi, ko dai an ware mata kuɗi a kasafi ba a yi aikin ba, ko kuma ba a taɓa saka ta ba, kuma kowanne da irin maganar da za a tunkari hukuma da ita. Dokoki sun sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa misalan da ke ƙasa suka fito daga wurare dabam-dabam.

Wace matsala ce ta ƙaramar hukuma, wace ce ba tata ba?

Kusan ko'ina a duniya, hukumar da ta fi kusa da jama'a ita ke da alhakin kwashe shara, yashe magudanan ruwa, gyaran ƙananan hanyoyin cikin gari, fitilun titi, kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu da banɗakunan jama'a. A Najeriya an jera irin waɗannan ayyuka a Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999. Babbar hanyar da ta ratsa gari yawanci ta jiha ce ko ta gwamnatin tsakiya. Tiransifomar da ta ƙone ta kamfanin rarraba wuta ce, bututun da ya fashe kuma na hukumar ruwa.

Koke da yawa na mutuwa ne don an kai shi ƙofar da ba tasa ba. In aka ce maka "wannan ba namu ba ne", kada ka juya ka tafi. Tambayi sunan ofishin da abin ya shafa, ka kuma roƙa a rubuta maka hakan a bayan takardarka. Jami'in da zai faɗi maganar da baki cikin sauƙi yakan tsaya ya yi tunani in aka ce ya sa hannu.

Gun wa zan fara zuwa, kansila ko ofis?

Dukansu, amma takardar ta fara shiga ofis. Sashen ayyuka ko na tsaftar muhalli su ke da motoci da ma'aikata da fayil. Kansila aikinsa matsa lamba da tada maganar a zaman majalisa, don haka a ba shi kwafi. Wanda ya tare kansila a hanya ya gaya masa da baki ya sauke abin da ke ransa, sai dai babu abin da zai nuna gobe in aka ce ba a taɓa jin zancen ba.

Yaya ake rubuta koken da za a ɗauka da muhimmanci?

A nan aka fi yin asara. Yawancin takardun koke sun cika da gaisuwa da yabo da tarihin wahalar unguwa, abin da ake nema kuma ya ɓuya a layin ƙarshe, ko ma babu shi. Mai karantawa yana da tarin takardu a gabansa, kuma tambayoyi huɗu yake son amsarsu: mene ne, a ina, tun yaushe, me kuke so a yi.

Dubi bambancin waɗannan biyun. Na farko: "Muna kira ga hukuma da ta dubi halin ƙuncin da al'ummarmu ke ciki, an yi watsi da mu, hanyoyinmu duk sun lalace." Na biyu: "Kwalbatin da ke mahaɗar layi na uku da titin makarantar firamare ta rufta tun ranar 4 ga wata. Ramin ya kai faɗin mita ɗaya, ruwa na kwanciya har ƙofar makarantar, motar kwashe shara ta daina shigowa. Muna neman a turo injiniya ya duba cikin mako biyu, a kuma sanya shinge kafin a yi gyara." Takarda ta farko ba ta ɗora wa kowa aiki ba. Ta biyu kuwa shugaban sashe zai iya rubuta sunan ma'aikaci a samanta ya miƙa masa a ranar.

Matsala ɗaya, takarda ɗaya. In ka haɗa shara da fitila da asibiti wuri guda, kowane sashe zai ɗauka na ɗan'uwansa ne. Haɗa da hoto biyu ko uku, ɗaya daga nesa da zai nuna wurin, ɗaya daga kusa da wani abu a gefe da zai nuna girman ramin. Sa hannun magidanta ashirin da lambobin wayarsu ya fi sunan ƙungiyar da ba a san ko su waye a cikinta ba. Zagi kuma a bar shi a gida, domin yana ba mai karantawa hujjar ajiye takardar.

Na miƙa takardar. Shi ke nan?

Da saura. Ka je da kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a naka, ka rubuta sunan wanda ya karɓa da lambar da aka ba takardar a rajista. Wannan kwafi mai hatimi shi ne jarinka a duk matakin da zai biyo baya. Kafin ka fita, tambayi ranar da za ka dawo.

Manhajojin waya da layukan kira fa, suna aiki?

Suna aiki a inda hukuma ta ɗaura su a kan tsarin aikinta. Birnin Baltimore na Amurka ya fara amfani da lambar 311 a 1996 don rage wa layin gaggawa na 911 nauyi, New York ta bi sahu a 2003. A Birtaniya ƙungiyar mySociety ta buɗe FixMyStreet a 2007: mutum ya nuna wurin a taswira, ya ɗora hoto, shafin ya tura wa hukumar da ke da wurin, kowa kuma na iya ganin ko an gyara. Amfanin irin wannan tsari biyu ne. Ba sai ka san wane ofishi ne ba, sannan koken na zama a fili da kwanan watansa.

Amma akwai abin lura. Unguwannin masu waya da intanet da lokaci sun fi kai ƙorafi, don haka hukumar da ta dogara da manhaja kaɗai za ta riƙa gyara inda aka fi surutu, ta manta inda aka fi wahala. Facebook da X kuwa sun fi amfani bayan takarda ta shiga. Hoton ramin kawai yakan jawo tsokaci na kwana biyu ya wuce. Hoton ramin tare da hoton takarda mai hatimin wata uku da suka wuce shi ke sa waya ta yi ƙara a ofis.

An yi kunnen uwar shegu da mu. Sai yaya?

A hau mataki-mataki, kowane mataki da shaidar na baya. Takardar tuni zuwa ga shugaban sashe, ɗauke da lamba da ranar ta farko. Bayanta shugaban hukumar ko magajin gari, kwafi ga majalisar kansiloli. In shiru ya ci gaba, ƙasashe da yawa na da hukumar karɓar koken jama'a mai zaman kanta. Suwidin ce ta fara kafa irinta a 1809, Najeriya ta kafa Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a a 1975, kuma kai mata ƙara kyauta ne. Daga nan sai gidan rediyo da jarida, kotu kuma a ƙarshe.

Abin da ya faru a garin Flint na jihar Michigan ta Amurka ya isa darasi. A Afrilun 2014 aka sauya wa garin tushen ruwan sha zuwa kogin Flint don rage kashe kuɗi. Mutane suka yi ta zuwa taro da gorunan ruwa mai launin ƙasa, jami'ai na cewa lafiyarsa ƙalau. Maganar ba ta motsa ba sai da mazauna garin suka tattara samfurin ruwa daga gidajensu, masana daga jami'ar Virginia Tech suka auna suka ga gubar dalma, sannan likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito a Satumban 2015 da sakamakon gwajin jinin yara. A watan da ya biyo baya aka mayar da garin kan tsohon ruwansa. Fushin mutanen na nan tun farko, abin da ya ƙaru shi ne awo da alƙaluman da ba a iya musantawa.

In abin na gaggawa ne?

Wayar wuta ta faɗo, gini na shirin ruftawa, amai da gudawa sun ɓarke: a kira layin gaggawa nan take, a kange wurin, a janye yara. Takarda ta biyo baya.

Daga ina ƙaramar hukuma ke samun kuɗi?

Hanyoyi uku ne manya. Na ɗaya, abin da take tarawa da kanta: harajin gidaje da filaye, kuɗin rumfunan kasuwa da tashoshi, lasisin sana'a, tara. Na biyu, kason da ke zuwa daga sama. Na uku, bashi da tallafin masu ba da agaji, wanda yawanci an ɗaure shi da wani aiki takamaimai.

A ƙasashe masu tasowa kason sama ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin, kuma doka ce ke yanka shi. Ƙananan hukumomi 774 na Najeriya na da kashi 20.60 cikin 100 na abin da ake rabawa daga Asusun Tarayya. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya tanadi aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ga asusun majalisun gundumomi. Na Kenya na 2010 ya ce gundumomi 47 ba za su samu ƙasa da kashi 15 cikin 100 ba.

Yanka kaso daban, isowarsa daban. A Najeriya an shafe shekaru kuɗin na bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma gwamnoni ba su da ikon maye zaɓaɓɓun shugabanni da kantomomi. Don haka ko a ina kake, tambayar farko ita ce nawa aka turo, ta biyu nawa ya shiga asusun hukumar. Tazarar da ke tsakanin amsoshin biyu takan ba da labari mai tsawo.

Waɗanne takardu zan nema?

Kasafin kuɗin da majalisa ta amince da shi, da ƙwarya-ƙwaryar kasafi in an yi. Rahoton aiwatar da kasafi, na wata uku-uku ko na shekara. Rahoton mai binciken kuɗi. Jerin kwangilolin da aka bayar, da sunan kamfani da adadi da wa'adi. Sai bayanan zaman majalisa. In ɗaya kawai za ka iya samu, nemi rahoton mai binciken kuɗi, domin wani ya riga ya yi maka rabin aikin, kuma abin mamaki shi ne yadda irin waɗannan rahotanni ke fitowa a ajiye su ba wanda ya buɗe.

Ban iya lissafi ba. Yaya zan karanta kasafi?

Tarawa da ɗebewa sun isa. Kasafi gida biyu ne, kuɗin shiga da kuɗin kashewa. Na kashewa ya rabu biyu: na yau da kullum, wato albashi, alawus, man motoci, tafiye-tafiye da hidimar ofis, sai na manyan ayyuka, wato gine-gine, hanyoyi, rijiyoyin burtsatse da kayan aiki. Fara da duba kason kowanne. Hukumar da albashi da alawus suka cinye kusan komai ba ta da abin gyara kwalbati, ko shugabanta waliyyi ne.

Daga nan ka riƙe abu ɗaya da mutane ke yawan ruɗewa a kai. Kowane aiki yana da adadi uku: abin da aka ware, abin da aka saki, da abin da aka kashe. Kasafi alƙawari ne kawai. In ka ga an rubuta miliyan hamsin don gyaran asibitin unguwa, wannan bai nuna kuɗin sun fita ba. Wataƙila an saki goma, wataƙila ko sisi. Wanda ya hau rediyo ya ce an cinye miliyan hamsin alhali ba a saki komai ba, za a ƙaryata shi da takarda ɗaya, kuma daga ranar ba mai sake sauraronsa ko da ya zo da gaskiya. Tambayar da ta dace a nan ita ce: me ya sa ba a saki na asibiti ba, alhali na sayen motocin ofis ya fita cif?

Sai ka ajiye kasafin bana kusa da na bara da na bara waccan. Aikin da ke dawowa kowace shekara da suna ɗaya da wuri ɗaya yana buƙatar bayani. Haka ma layin da ba shi da adireshi, irin su "gyaran hanyoyi daban-daban" ko "tallafa wa matasa", domin abin da ba a faɗi inda yake ba babu mai iya zuwa ya duba shi. Dubi hasashen kuɗin shiga ma. In hukuma ta tara miliyan ɗari bara, ta rubuta za ta tara ɗari biyar bana ba tare da wani sabon dalili ba, to ayyukan da aka jera a kan wannan hasashe tun a takarda suka mutu, sai dai a yi amfani da su wajen yaƙin neman zaɓe.

Kada ka ce sai ka karanta littafin duka. Zaɓi mazaɓarka, ka fitar da ayyuka biyar, ka bi su har ƙarshen shekara.

Ina da haƙƙin ganin waɗannan takardu, ko alfarma ce?

A ƙasashe fiye da ɗari haƙƙi ne da doka ta tanada. Suwidin ta yi dokarta tun 1766, Amurka a 1966, Birtaniya a 2000, Indiya a 2005, Najeriya a 2011, Ghana a 2019. Wa'adin amsa ya bambanta: kwana 7 a Najeriya, 14 a Ghana, 30 a Indiya, ranakun aiki 20 a Birtaniya. Dokar Indiya na da haƙori, domin jami'in da ya ja ƙafa ba dalili ana iya cin tararsa rupi 250 kowace rana har zuwa 25,000, daga aljihunsa. A Ingila an wajabta wa manyan majalisun ƙananan hukumomi wallafa duk kuɗin da suka kashe da ya haura fam 500, kuma kowace shekara akwai ranakun aiki 30 da mazauna ke da damar duba littattafan asusu da rasitai.

Wajen rubuta buƙata, nemi takarda, kada ka nemi ra'ayi. "Me ya sa ba ku gyara titinmu ba?" za a amsa maka da dogon turanci. "Ina neman kwafin takardar ba da kwangilar titi kaza, da jadawalin kayan aiki da farashinsu, da takardun biyan da aka yi zuwa yau" ba ta da wurin zamewa. A mafi yawan waɗannan dokoki ba a buƙatar ka faɗi dalilinka.

Me ake nufi da bin kuɗi har ƙasa?

Ɗaukar abin da takarda ta ce, a je a gwada shi da abin da ido ya gani. A 1996 aka yi wani bincike a Uganda kan tallafin da gwamnati ke tura wa makarantun firamare bisa yawan ɗalibai. Aka gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa makarantun, saura na maƙalewa a ofisoshin gundumomi, kuma makarantu da yawa ba su ma san suna da wannan kuɗi ba. Gwamnati ta fara buga adadin da take turawa kowane wata a jaridu, aka umarci makarantu su manna nasu a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80 cikin 100.

A jihar Rajasthan ta Indiya, ƙungiyar manoma da leburori ta MKSS ta fara zaman sauraron jama'a a 1994. Sai a samo rajistar biyan leburorin ayyukan gwamnati, a tara mutanen ƙauye, a karanta sunaye da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Nan mutane suka riƙa jin sunan mamatansu a cikin waɗanda wai sun karɓi lada, da gine-ginen da aka biya kuɗinsu alhali babu ko tubali. Wannan gwagwarmaya na cikin abin da ya haifar da dokar samun bayanai ta Indiya ta 2005. A Najeriya, ƙungiyar BudgIT da aka kafa a 2011 ta fito da shafin Tracka a 2014 don bin ayyukan mazaɓu, ita kuma Follow The Money ta fara ne a 2012 da bin kuɗin tsaftace garin Bagega na Zamfara daga gubar dalma.

In za ku duba aiki, ku je aƙalla mutum uku, da kwafin bayanin kwangila, abin awo da waya. Ku ɗauki hoton allon aikin. In takarda ta ce ajujuwa shida, ku ƙirga. In ta ce magudana mita ɗari biyar, ku auna. Rijiya kuma a buga a ga ko ruwa na fita, a tambayi maƙwabta yaushe ya fara, yaushe ya tsaya. Ku rubuta abin da kuka gani a wurin, kowa ya sa hannu.

Waɗanne alamu ke nuna akwai lauje cikin naɗi?

Kamfani ɗaya na cin yawancin kwangiloli. An yanka babban aiki gunduwa-gunduwa don kowane yanki ya tsaya ƙasa da adadin da ke wajabta tallata kwangila. Kamfanin da aka yi wa rajista wata biyu kafin ya ci aiki. An biya kafin alƙalami mai tsoka, ɗan kwangila ya sauke yashi ya ɓace. Aringizon farashi da kowane mai sayar da kayan gini zai gane. Ma'aikatan bogi a takardar albashi. Kuɗin da ake karɓa a kasuwa ko tasha ba rasit, ko da rasit marar lamba. Saboda irin waɗannan ne Yukren ta wajabta wallafa kwangilolin gwamnati a shafin ProZorro tun 2016, inda kowa ke ganin wanda ya nema da wanda ya ci da farashinsa.

Alama mafi haɗari kuwa ba ta da hayaniya: mutum ɗaya ne ke karɓar kuɗi, shi ke rubuta cak, shi ke duba bayanan banki. A garin Dixon na jihar Illinois ta Amurka, mai mutane ƙasa da 16,000, ma'ajiyar garin Rita Crundwell ta buɗe wani asusu a ɓoye da sunan hukuma a 1990, ta yi ta zuba kuɗi da takardun biya na jabu har kusan dala miliyan 54 cikin shekara 22, tana kiwon dawakan gasa da su. Duk tsawon lokacin ana gaya wa ma'aikata babu kuɗin gyaran titi da sayen kayan aiki. Asirin ya tonu a 2011 lokacin da ta tafi hutu, akawun da ta riƙe mata aiki ta nemi banki ya turo bayanan dukkan asusun garin. A Bell ta Kalifoniya kuwa, 'yan jaridar Los Angeles Times biyu ne suka nemi takardun albashi a 2010, suka tarar manajan wannan ƙaramin gari na talakawa na karɓar kusan dala 800,000 a shekara.

Alama dai ba hujja ba ce. Wani lokaci bayanin na nan kuma mai gamsarwa ne, shi ya sa ake fara da tambaya.

Sa idon jama'a kaɗai ya isa?

Bai isa ba, kuma gara a faɗa. Masanin tattalin arziki Benjamin Olken ya yi gwaji a ƙauyuka 608 na Indonesiya da ke gina hanyoyi. Bayan an gama, injiniyoyi suka haƙa hanyoyin suka auna ainihin dutse da yashin da aka zuba. A ƙauyukan da aka sanar tun farko cewa tabbas masu binciken kuɗi na gwamnati za su zo, kuɗin da suka yi ɓatan dabo sun sauka daga kusan kashi 28 zuwa kusan kashi 19 cikin 100. Ƙara gayyatar mutane taro kuwa bai sauya abu mai yawa ba, sai dai a ɓangaren ladan leburori, inda mutane ke da masaniya kuma abin ya taɓa aljihunsu. Ba mamaki, mutumin gari ya san ko an biya shi, amma bai san kaurin dutsen da ke ƙarƙashin hanya ba.

Barazil ta haɗa biyun. Daga 2003 ta riƙa zaɓen ƙananan hukumomin da za a bincika ta hanyar ƙuri'a a bainar jama'a, a wallafa sakamakon. Masu nazari Claudio Ferraz da Frederico Finan sun gano cewa magadan garin da rahoto ya fallasa kafin zaɓen 2004 sun fi faɗuwa, musamman inda akwai gidan rediyon gari. Don haka in kun tattara shaida, ku kai wa mai binciken kuɗi da hukumar yaƙi da rashawa, in rahotonsu ya fito ku kai shi kunnen masu zaɓe.

Kullum amsarsu "babu kuɗi". Gaskiya ne?

Wani lokaci gaskiya ne. Detroit ta Amurka ta shigar da takardar fatara a 2013 da bashin kusan dala biliyan 18, Birmingham ta Ingila ta sanar a Satumban 2023 cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba. Amma "babu kuɗi" magana ce da ake iya gwadawa: a nuna abin da ya shigo wata shida da suka wuce da inda ya tafi. Hukumar da da gaske take ba ta jin nauyin buɗe littafi, domin shi ne zai wanke ta.

Za mu iya sa baki tun kafin a rubuta kasafi?

Nan ne ma bakin ya fi tasiri. Birnin Porto Alegre na Barazil ya fara a 1989: mazauna kowace shiyya su taru su jera buƙatunsu bisa fifiko, su zaɓi wakilan da za su zauna da jami'ai, abin da ya karkata kuɗi zuwa ruwa, magudanai da hanyoyin unguwannin talakawa. Paris ta ɗauki tsarin a 2014, ta ware kashi 5 cikin 100 na kasafin manyan ayyukanta don jama'a su zaɓa. Ko babu irin wannan a inda kake, kowace hukuma na da watannin da sassa ke miƙa buƙatunsu. Ka binciki lokacin, takardarku ta shiga kafin nan. Wanda ya zo bayan an sa hannu, shekara guda zai jira.

Ina tsoron bita-da-ƙulli. Yaya zan kare kaina?

Tsoron na da tushe. A Indiya an kashe masu neman bayanai da dama tun bayan dokar 2005, kuma a ƙaramin gari kowa ya san gidan kowa. Kada aikin ya rataya a wuyan mutum ɗaya: ku yi shi a ƙungiyance, ku riƙa sauya mai magana, kwafin takardu ya kasance a hannu fiye da ɗaya. Ku faɗi abin da takarda ta nuna da abin da kuka gani, "an biya kuɗin ajujuwa shida, mun ƙirga huɗu", ku bar kalmar ɓarawo ga kotu, domin ƙarar ɓata suna ita ce sandar da aka fi saurin ɗauka. Ku nisanci zama karen farautar wata jam'iyya, don ranar da aka liƙa muku tambarin adawa, alƙalumanku sun zama siyasa. Ma'aikacin da ke son kwarmata abin da ya gani daga ciki ya fara neman shawarar lauya, ya san ko dokar ƙasarsa na ba shi kariya, kada kuma ya yi amfani da waya ko kwamfutar ofis.

An zo an gyara. Akwai sauran abin yi?

Akwai biyu. Ku rubuta gajeriyar takarda ku shaida an yi aikin, da sunan sashen da ya yi. Ma'aikacin da aka yaba wa a rubuce yakan ɗaga waya karo na gaba.

Na biyu, ku sa ido a watannin farko. A yawancin kwangilolin gini ana riƙe wani ɓangare na kuɗin ɗan kwangila, sau da yawa kashi 5 zuwa 10 cikin 100, na tsawon wata shida zuwa shekara, domin in aibi ya bayyana ya dawo ya gyara da kuɗinsa. In kwalta ta fara tsagewa ko rufi ya fara yoyo a cikin wannan wa'adi, ku ɗauki hoto ku kai takarda nan da nan, ku nemi kada a saki ragowar kuɗin sai an gyara. In wa'adin ya wuce aka biya shi, gyaran ya koma kan asusun hukuma, sai an sake saka shi a wani kasafin.